Gishirin Tekun da Ban Taɓa Gani Ba

Sallau ya kawo shi a kan amalanke,
an rufe masa kai da tsohon buhun taki.
Ya ce, "Barmo, ga injin jirgina.
Daga Fatakwal aka sawo mini shi,
kuɗin bijimi guda da buhun gero uku.
Kwana tara kacal ya yi a Daberam,
yanzu in ya tashi, zafi kamar tanda,
kuma ya daina fitsari."

Yaran gareji suka tuntsire da dariya.
Ni ban yi ba.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne,
janareta, da na niƙa in ta kama.
Amma ƙarfe ƙarfe ne ko daga ina ya fito,
da sifana goma yake jin magana.
Na kwance noti, na ɗaga murfi,
na bi hanyar ruwa da ido:
ga ta fara fat, ta cushe,
kamar cikin butar mai shayi da ta shekara a wuta,
ɓawo kan ɓawo, ko allura ba ta wucewa.

Na kankaro kaɗan da farce, na sa a harshe.
Gishiri.
Ba kantu ba ne, ba na leda ba,
wani mai ɗaci-ɗaci, mai ƙarnin kifi da tsatsa.
Ashe teku ce ta biyo shi har Daura,
ta laɓe a cikinsa, ta hau tirela,
ta wuce shinge bayan shinge
ba wanda ya ce ta nuna takarda.

Na aiki Nalado gida ya kwaso tsamiya.
Ladiyo ta aiko da tambaya: kunun gobe fa?
Na ce a gaya mata akwai mara lafiya.
Muka jiƙa, muka tace, muka ɗumama,
muka ɗura masa har wuya.
Ya kwana yana ƙananan kumfa
kamar mai gunaguni cikin barci.

Da hantsi na ɗauko wayar birkin keke,
na baje bakinta, na zura a hankali.
Wannan aiki ba ya son ƙarfi.
Jikin alminiyam ne,
in ka matsa ka huda, in ka huda ka saya.
Tura, juya, jawo, busa.
Farin gari yana taruwa a tafin hannuna,
sai ga ɗan ɓawon katantanwa,
bai kai ƙwayar dawa ba.

A nan na tuna Baba,
shekarar da nasa ya tsaya.
Kwana huɗu yana juyi a gadon asibiti,
ina tsaye a kansa da hannuwa biyu
da suka san kan kowane noti,
babu inda zan zura waya.

Na share fuska da bayan hannu.
Fankar roba ta zubar da fiffike biyu,
na sa wata.

Bayan la'asar muka cika durom,
muka tsoma ƙafarsa a ciki.
Sallau ya ja igiya, ya ja, ya sake ja.
Tari, shuɗin hayaƙi, sai gurnani.
Mu bakwai, manya da yara,
mun zuba wa ɗan rami guda ido.
Ɗigo.
Wani ɗigon.
Sai ya tsinke, siriri, a miƙe,
ya jiƙa wa Nalado gaban riga.
Na tara hannu: ɗumi-ɗumi,
kamar goshin yaron da zazzaɓi ya saki.

Sallau ya ce nawa, na faɗa, ya kama haɓa,
muka yi cinikin da muka saba,
ya ƙara da alkawarin karfasa biyu
waɗanda har yau suna cikin ruwa.

Garin na zuba a kwalin ashana,
yana nan kan kanta, tsakanin matattun fulogi.
In an tambaye ni ko na taɓa zuwa teku,
sai in ce a'a,
ita ce ta zo, na ɗanɗana,
kuma ta cinye mini tsamiyar kunu.